Hoto na Arba'in da Bakwai

Tun Litinin ruwa ke zuba a Valdivia,
kogi ya cika ya batse har bakin kasuwar kifi.
Rayén Antilef ta shigo ofishina, sandarta na ɗiga,
ta ɗora kwamfuta bisa tarin takarduna,
ta ce, "Malam, saurari darasinka."

Na'urar ta buɗe baki, murya ba gishiri:
"Hoto. Hoto. Hoto.
Danna nan. Danna nan.
Hoto na arba'in da bakwai."
Sai shiru.

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin duwatsu,
abin da ya isa kunnenta ke nan.
Littafin da na ɗauka a hoto, shafi a karkace,
har da inuwar babban yatsana a gefe,
a wurinta bango ne da aka shafe da siminti.
Na ce, "Ai komai yana shafin jami'a."
Ta ce, "Haka ne. Abinci ma yana cikin gwangwani,
ina mabuɗin?"

Ban yi barci ba.
Na buɗe hoton, wani gefen tsauni da na ɗauka ina saurayi,
na ce bari in rubuta shi a layi biyu.
Na rubuta "dutse", na goge.
Na rubuta "dutse mai kyau", kunya ta kama ni.
Ashe duk shekarun nan nuni nake da yatsa,
ina cewa "kun gani", suna gyaɗa kai,
ido na rufa wa bakina asiri.

Asuba ta kusa kafin ya fito:
"Shimfiɗa uku. Ta ƙasa baƙa, kaurin tafin hannu,
toka ce da tsauni ya amayar.
Ta tsakiya yashi, teku ya kawo shi dare ɗaya.
Ta sama ta tsage daga hagu, ta zame ƙasa kamar kamu guda."
Tsagar nan,
wallahi ban taɓa lura da ita ba.

Ondina ta sashen kwamfuta ba ta raga mini ba.
Ta ce kanun darasi su zama kanu na gaskiya,
ba rubutu mai ƙiba da ja ba,
don mai tafiya da kunne ya san inda matakala take.
Ta cire linzamin kwamfutata ta jefa a aljihun tebur:
"Yau da maɓallai kaɗai za ka zaga shafinka,
kamar Baltasar da hannunsa ke rawa."
Minti huɗu, na maƙale a wani akwati
mai ƙofar shiga, babu ta fita.

Bidiyon kuma, ga ni ina magana na juya wa aji ƙeya.
Yaron da ke karanta leɓe, me ya karanta?
Sanƙona.
Muka zauna muna rubuta kowace kalma a ƙasan allo,
na ji sau nawa nake cewa "to, dai, wato".

Ba mu gama ba.
Hoto ɗari uku da shida na jira,
shugaban sashe na cewa kuɗi sai baɗi,
wani abokin aiki na tambaya, "Don mutum nawa?"

Ranar jarrabawa ruwa bai ɗauke ba.
Rayén ta amsa tambaya ta biyar, ta ƙara a ƙasa:
"Tsagar ba daga hagu ta fara ba, Malam.
In yashin na inda ka ce,
daga dama ƙasa ta motsa."

Na ɗauko hoton, na kai shi bakin taga.
An ce gani ya kori ji.
Na daɗe tsaye da idona biyu,
sannan na koma na gyara layin.